Rayuwar 'Yan Kwana-Kwana: Tambayoyi da Amsoshi kan Hatsari, Kariya da Jimamin Rashi

Yawancin mutane ba sa ganin ma'aikacin kashe gobara sai a ranar tashin hankali. Abin da ke faruwa kafin jiniya ta yi kuka, da bayan an naɗe mesa an koma tasha, ba kowa ya sani ba. Ga tambayoyin da iyalan ma'aikata, da masu son shiga aikin, da sababbin ɗauka suka fi yi.

In babu gobara, me suke yi duk yini?

Aiki dai. Wanda ya karɓi aiki yakan fara da duba mota: ruwan tanki, famfo, mesa, tsani, sai tukunyar iskarsa ta shaƙa, ya tabbatar a cike take. Daga nan sai atisaye, da duba gine-gine, da wayar wa jama'a kai. A ƙasashe da dama kiran gobara ma shi ne kaɗan. Akwai hatsarin mota da sai an yanka ƙarfe kafin a ciro mutum, akwai wanda ya faɗa rijiya ko ruwa, akwai rushewar gini, akwai zubar sinadari. Wasu hukumomin kan yi awa 24 a jere su huta awa 48, wasu kan raba dare da rana. Ko wanne tsari ne, barcin ma'aikaci a yanke yake. Ƙararrawa na iya bugawa da tsakar dare, a cikin minti ɗaya zuwa biyu ana so ya shirya ya hau mota.

Wuta ce ta fi kashe su?

A'a, kuma mutane kan yi mamakin wannan. Wani bincike da likitocin Jami'ar Harvard suka wallafa a 2007 ya nuna cewa ciwon zuciya ke haddasa kusan kashi 45 cikin 100 na mutuwar 'yan kwana-kwana a bakin aiki a Amurka. Ainihin faɗa da wuta ba ya wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikinsu, amma a ɗan lokacin nan ne kusan kashi ɗaya bisa uku na mutuwar zuciyar ke aukuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana barci, ƙararrawa ta tayar da shi a firgice, zuciya ta hau bugu. Ya ɗora kaya masu nauyin fiye da kilo 20, ya hau bene yana jan mesa cike da ruwa, a cikin zafin da rigar jikinsa ba ta bari ya fita. Gumi ya kwashe ruwan jiki, jini ya yi kauri. In dama akwai hawan jini ko toshewar jijiya da bai sani ba, a nan za ta bayyana. Wani ma ba a wurin gobarar zai faɗi ba, sai bayan an dawo.

Sai kuma hanya. Motar kashe gobara tana da nauyi, ruwan cikinta yana karkata ta a kwana, ga sauri. Ma'aikata da yawa sun mutu a hatsarin mota kafin su ga wutar da aka kira su a kanta, wasunsu don rashin ɗaura bel. Abin takaici ne a ce mutumin da ya iya shiga cikin wuta ya fito lafiya, bel ne ya gagare shi.

Yaya cikin gidan da ke ci da wuta yake?

Duhu. Wanda ke tsammanin zai ga harsunan wuta suna haska ɗaki ya yi kuskure. Hayaƙi baƙi ƙirin yakan sauko daga rufi har kusa da ƙasa, ka sa hannu a gaban fuskarka ba za ka gan shi ba. Shi ya sa ake rarrafe. Hannu ɗaya a jikin bango, ba a sake shi, domin bangon nan shi zai mayar da kai ƙofar da ka shigo. Ɗaya hannun yana laluben ƙasa, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin durowar kaya, saboda yaro in ya tsorata ɓuya yake yi, ba gudu ba. Abin da kake ji shi ne numfashinka a cikin abin rufe fuska, da ƙarar gilashi yana fashewa, da muryar abokinka a shaƙe a bayanka. Zafi kan fara cizo ta kunne da wuya, inda kaya suka fi sauƙin ratsawa. In ka ji shi yana danna ka ƙasa ba shiri, ɗakin yana gab da kamawa gaba ɗaya.

Wannan kamawar ita ce abin tsoro. Hayaƙin da ya taru a sama mai ne da bai gama ƙonewa ba. In zafinsa ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Selshiyos, duk abin da ke ɗakin sai ya kama a lokaci guda. Ko da cikakken kayan kariya, daƙiƙoƙi kaɗan mutum ke da su ya fice. Akwai kuma wutar da ta cinye iskar ɗakin da yake rufe ta lafa, tana jiran a buɗe ƙofa ko a fasa taga. Da iska ta shiga sai ta tashi da ƙarfin fashewa. Don haka ƙwararre ba ya fasa taga don kawai ya ga hayaƙi.

Gaskiya ne gobarar yanzu ta fi ta da sauri?

Gaskiya ne. Cibiyar gwaje-gwaje ta UL a Amurka ta ƙona ɗakuna biyu don kwatantawa. Ɗakin da aka cika da kayan da, na katako da auduga, ya kai kusan minti 30 kafin ya kama gaba ɗaya. Mai kayan zamani, na soso da roba da leda, bai kai minti biyar ba. Kujeru da katifun yanzu daga man fetur aka samo kayan haɗa su, suna ci da sauri, hayaƙinsu kuma ya fi guba.

To kayan kariyar fa, ba su isa ba?

Suna da iyaka. Rigar ba ta hana ƙonewa, jinkirta shi take yi. Tukunyar iskar da aka rubuta minti 30 a jikinta, mai aikin ƙarfi zai iya shanye ta a minti 15 zuwa 20, kuma dole ya ware iskar dawowa daga ciki. Wanda ya jira sai ƙararrawar ƙarewar iska ta buga sannan ya fara neman hanya, ya makara. Akwai wata 'yar na'ura da ke maƙale a jikin ma'aikaci: in ya yi kamar daƙiƙa 30 bai motsa ba sai ta ɗauki ƙara mai tsanani don a gano inda ya faɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cire abin rufe fuska da zarar harshen wuta ya mutu. Lokacin tona garwashi da yaye rufi, iskar wurin tana ɗauke da guba irin su kabon monoksaid da sayanaid. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, kuma yana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Mutum zai ji kansa yana sarawa ya ce gajiya ce.

Ana cewa suna yawan kamuwa da ciwon daji. Da gaske ne?

Da gaske ne. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hujja ta fi ƙarfi a kan dajin mafitsara da dajin fatar da ta lulluɓe huhu, wanda ƙurar asbestos, wani ma'adini da ke cikin kayan wasu gine-gine, ke haddasawa. Kafin nan, wani binciken gwamnatin Amurka a kan ma'aikata kusan 30,000 na Chicago da Philadelphia da San Francisco ya gano sun fi sauran jama'a kamuwa da kashi 9 cikin 100, sun fi su mutuwa da ciwon da kashi 14.

Gubar ba ta huhu kaɗai take shiga ba, har ta fata, musamman wuya da haɓa da hannu. A da, hular kwano da ta yi baƙi da riga mai kunkunniya abin alfahari ne, alamar an ga jiya an ga yau. Wannan alfaharin ya kai mutane da yawa kushewa. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne a wanke kaya tun a wurin gobara, a goge wuya da fuska, a ɗaure kayan a leda, a yi wanka da zarar an koma. Kada a kai su ɗakin kwana, kada a saka su a motar gida inda yara ke zama.

Waɗanne ƙa'idoji ne ba a wasa da su?

Ba a shiga ciki mutum ɗaya. Biyu a ciki, biyu a waje a shirye don ceto su. Kwamanda ya san sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. In aka busa alamar janyewa, kowa ya fito, babu gardama. Ma'aunin da ake koyar da kwamandoji kuwa shi ne: a yi kasada babba don ran da za a iya ceta, a yi ƙarama don dukiya, kada a yi ko kaɗan don abin da ya riga ya salwanta.

Ƙa'idar da ta fi wuyar bi ita ce neman ɗauki da wuri. Ma'aikacin da ya ɓace a cikin hayaƙi ya kamata nan take ya yi kiran gaggawa a rediyo, ya faɗi sunansa, da inda yake, da sauran iskarsa. Amma sai ya ce bari ya gwada nemo hanya da kansa tukuna, kada a ce ya gaza. Kafin ya kira, iska ta ƙare. Ta-maza ce ke jawo haka, kuma za mu sake haɗuwa da ita a maganar jimami.

An rubuta yawancin ƙa'idojin nan ne bayan an yi rashi. A Disambar 1999, a garin Worcester na Amurka, wuta ta kama wani tsohon ɗakin sanyi mai hawa shida da kusan babu taga. Ma'aikata biyu suka shiga neman wasu marasa matsuguni da ake zaton suna ciki, suka ɓace. Huɗu suka bi sawunsu, su ma ba su fito ba. Sai da wani kwamanda ya tsaya a bakin ƙofa ya hana sauran shiga. Mutanen da aka shiga nema kuwa tuni sun fice.

Waɗanne manyan rashi ne aka fi tunawa?

Ranar 11 ga Satumba 2001 hukumar kashe gobara ta New York ta rasa mutum 343 a rana ɗaya, a harin da ya rushe tagwayen gine-ginen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Zuwa Satumbar 2023, waɗanda cututtukan ƙurar wurin suka kashe daga baya a hukumar su ma sun kai 343. A Afrilun 1986, 'yan kwana-kwanan da suka fara isa tashar nukiliya ta Chernobyl bayan fashewar da ta auku a can ba su san girman abin da suke fuskanta ba, wasunsu suka mutu cikin makonni. A Yunin 2013 wutar daji ta Yarnell a jihar Arizona ta ci ma'aikata 19 na tawaga ɗaya. A Janairun 2017 ginin Plasco ya rufta a Tehran, ma'aikata 16 suka rasu. Ranar 4 ga Agusta 2020 wata tawaga ta mutum goma ta amsa kiran gobara a tashar jiragen ruwan Beirut, ba wanda ya gaya musu akwai tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret a ma'ajiyar. Sinadarin ya fashe, babu wanda ya dawo cikinsu.

Ranar 4 ga Mayu da ake ware wa 'yan kwana-kwana a duniya ta samo asali ne daga mutuwar ma'aikata biyar a wutar daji kusa da Linton a Ostireliya, a Disambar 1998.

Me ke faruwa a tasha in aka rasa abokin aiki?

Rashin abokin aiki a nan ya sha bamban da na sauran ma'aikatu. Mutane ne da suke kwana ɗaki ɗaya, suna ci tare, kowa ya san minsharin kowa, kowa ya taɓa damƙa ransa a hannun ɗan'uwansa. Mota ta fita da mutum biyar ta dawo da huɗu. Sai a tarar da takalmansa na gida a inda ya tuɓe su da aka buga ƙararrawa, kofinsa a kan tebur, sunansa a allon aiki da rubutun hannunsa. Ba wanda ke son ya zama shi ne zai goge sunan. Durowarsa ta kaya kan yi makonni a rufe, kowa yana ratse ta. Sannan ƙararrawa ba ta san ana makoki ba, za ta sake bugawa, a hau motar nan dai, kujerarsa babu kowa.

Hukumar da ta san abin da take yi takan janye tawagar daga aiki na ɗan lokaci, wata tashar ta riƙe musu. Takan aika babban jami'i ya sanar da iyali baki da baki kafin labari ya bazu a waya, takan kuma ware mutum ɗaya da zai tsaya wa iyalin a kan takardu da haƙƙoƙi. A Amurka, majalisar dokoki ta kafa gidauniyar tunawa da ma'aikatan da suka rasu a 1992, mai cibiya a Emmitsburg, kuma tana haɗa iyalan da suka yi sabon rashi da waɗanda suka riga su shiga halin.

Sai bincike. Wasu kan ɗauke shi cin fuska ga mamaci, kamar ana neman ɗora masa laifi. Ni ban ga haka ba. Rahoton da ya ɓoye gaskiya don a kare sunan wani, kabarin wani yake haƙawa.

Ina tare da shi ranar. Kullum ina cewa da na yi kaza da bai mutu ba. Haka kowa ke ji?

Kusan duk wanda ya tsira inda wani ya mutu yana jin haka. Da na riƙe shi, da ban yi musanyar aiki da shi ba, da na juya dama. Ka tuna yanzu kana kallon abin ne da haske, da lokaci, da sanin yadda ya ƙare. A ranar kuwa duhu ne da daƙiƙoƙi, da abin da ka sani a lokacin kawai. Haka wanda ya ɗauko yaro daga wuta amma rai ya riga ya yi halinsa. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a gida hayaƙi ne ke gamawa da su, sau da yawa tun kafin mota ta iso.

Ba a cewa ka daina tunanin, don ba ya jin umarni. Amma ka faɗe shi da baki ga wanda ya san aikin. Zargin kai a cikin shiru yake ƙiba.

Yaushe jimami ke zama ciwon da ke buƙatar likita?

A makonnin farko, rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi, rashin cin abinci, firgita da ƙaramar ƙara, duk ba abin mamaki ba ne, kuma yawanci suna raguwa da kansu. In an wuce wata guda abin bai lafa ba, ko ƙaruwa yake yi, to a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Alamomin sun haɗa da ganin abin yana dawowa kamar yanzu ake yi, da ƙin bi ta titin da ya faru, da janyewa daga mutane, da jin zuciya ta bushe har ga 'ya'yan cikinka, da dogara ga giya ko ƙwaya don a samu barci. Wani kuma sai ya koma yin kasadar da ba ta da dalili a bakin aiki. Ciwo ne sananne, yana da magani. Akwai hanyoyin jinya ta tattaunawa da aka tsara musamman don wanda ya ga tashin hankali, kuma an gwada su sun yi aiki.

In mutum ya fara cewa gara ma ya huta, ko yana rabar da kayansa, ko yana sallama da mutane ba dalili, wannan ba na jira ba ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Mutumin da ya ƙi kira a rediyo don kada a ce ya gaza, shi ne dai zai ce lafiya lau in an tambaye shi bayan jana'iza. An koya masa kada ya shiga wuta shi kaɗai, ba a koya masa haka a kan wannan ba.

Ya kamata a tara tawaga kowa ya faɗi abin da ya gani?

Ba dole ba. An daɗe ana yin zama guda na tilas jim kaɗan bayan abin ya faru, ana sa kowa ya zayyana abin da ya ji. Bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon, wasu ma yana dagula musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Abin da ya fi shi ne a ba mutane hutu da sahihin bayani, a sanar da su inda taimako yake, a kuma samu abokan aiki da aka horar waɗanda za su riƙa leƙa su bayan sati, bayan wata, da ranar da shekara ta zagayo.

Maigidana ɗan kwana-kwana ne. In ya dawo ba ya magana. Me zan yi?

Sau da yawa shirun nan kariya ce yake ba ki, ba ya son ɗora miki abin da idonsa ya gani. Kada ki matsa masa da tambaya daga shigowarsa. Ki bar shi ya yi wanka, ya yi barci. Wasu ma'aurata kan yi yarjejeniya: in ya ce yau ta yi nauyi, an gane, ba sai ya yi bayani ba, in ya shirya zai faɗa. Amma ki sa ido, domin ke za ki riga kowa ganin canji. In shirun ya ɗauki makonni, ko fushi ya fara sauka a kan yara, ki faɗa masa abin da kika gani ba tare da zargi ba, in ta kama ki nemi abokin aikinsa da yake jin maganarsa. Haƙuri bai haɗa da jure duka ko tsoratarwa ba. Ke ma kina ɗauke da naki nauyin duk daren da yake waje, ki samu wanda za ki gaya wa. Haka abin yake in matar ce ke aikin.

Me zan ce wa iyalin da suka yi rashi?

Kaɗan ya isa. Ka yi ta'aziyya, ka ambaci sunan mamacin, ka faɗi wani alheri da ka san shi da shi. Kada ka ce ai ya san hatsarin aikin da ya shiga, kada ka tambayi yadda gawar take. Yaro kuma a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. In aka ce masa Baba ya yi tafiya, zai yi ta jiran dawowarsa. Taron jana'izar ma'aikaci kan cika maƙil da masu kaki, amma bayan wata uku gidan ya yi tsit. A lokacin ne ziyara ta fi amfani.

Mu sauran jama'a, me za mu yi don rage musu hatsari?

Ku kira da wuri, kada ku tsaya sai wuta ta gagare ku. Ku faɗi gaskiyar abin da ke ciki: tukunyar gas, jarkar fetur, sinadari. In kowa ya fito, ku faɗa musu kowa ya fito, in akwai saura ku faɗi ɗakin da yake. Kada wanda ya fito ya koma ɗauko kaya, don shi za a shiga nema. Ku ja ƙofa in kuna fita, rufaffiyar ƙofa tana tsare wuta da hayaƙi. Kada a watsa ruwa a wutar mai ko ta lantarki. A sa na'urar jin hayaƙi a gida, a riƙa duba batirinta. In kun ji jiniya a hanya ku kauce, a wurin gobara kuma ku ja baya, kada mota ta taka mesa, domin a ƙarshen mesar nan akwai mutum a cikin wuta da ruwan ke karewa.